Jika 350 a Abijan ko jika 140 a Maraɗi? Ku ba ni shawara

Abdu_Sanyi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita waje aiki, musamman mutanenmu na Kodibuwa. Ni mai gyaran firij ne da na'urar sanyaya ɗaki, shekarata takwas a cikin sana'ar. A nan Maraɗi wani kamfani nake yi wa aiki, jika 140 a wata, in na tashi da yamma kuma ina ɗan kama gyare-gyare cikin unguwa. Lokacin zafi abin yakan yi auki. Gidanmu nake zaune a Bagalam, sashena daban, ba na biyan haya. Mata ɗaya, yara biyu, babban yana aji biyu a firamare.

Wani abokina da muka koyi aiki tare ya haɗa ni da wani kamfanin ajiyar kifi a Vridi, kusa da tashar jiragen ruwan Abijan. Sun ce jika 350 a wata, amma ba su ba da wurin kwana. Kwana uku ke nan ina juya maganar a raina. Nawa ya kamata in riƙe a hannu kafin in tashi? In an cire haya da ci da mota, me zai rage mini? Don Allah wanda ya gani da idonsa ya yi magana.

Nura_Kabukabu:
Wa alaikumus salam. Yaya Abdu, wannan har abin tambaya ne? Jika 350 fa! Ɗaure kayanka. Mu da muke yini a kan babur rana na dukanmu don jika uku, da mu ne ko waiwaye ba za mu yi ba.

Bako_Adjame:
Ƙanena Abdu, shekarata 11 a Abijan, kayan waya nake sayarwa a Adjamé. Bari in fara maka da ƙofar shiga, don a nan yawancin mutanenmu ke durƙushewa.

Dokar haya a nan, tun 2018, ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da hayar wata biyu a gaba da kuɗin ajiya na wata biyu, wanda suke kira kosiyon. Dillali kuma ya karɓi nasa wata ɗaya. Wata biyar ke nan kafin a miƙo maka makulli, kuma wannan a inda aka bi doka ne. Akwai mai gidan da zai ce maka wata shida ko bakwai, in ka tsaya gardama ga mutum goma a bayanka riƙe da kuɗinsu. Ni ɗaki ɗaya nake ciki a gidan yawa, bayi na kowa da kowa, jika 45 nake biya don na daɗe. Wanda ya shigo ɗakin da ke jikin nawa bara, jika 60 aka yanka masa. Tun da aka rushe unguwanni irin su Gesco da Boribana a 2024, jama'a suka watsu neman ɗaki, haya ta ƙara hawa.

To lissafa da kanka: 60 sau biyar, jika 300. Kusan albashin wata guda ya tafi tun ba ka gan shi ba. Ɗakin kuma wayam za a ba ka. Katifa, fanka, tukunyar gas, bokiti, labule, kwano da cokali, duk kai za ka saya. Wuta da ruwa na jiran ka. Albashin farko ba ya zuwa sai ka cika wata, a cikin kwana talatin ɗin nan daga aljihunka za ka ci ka hau mota. Ni dai a nawa gani, wanda ba shi da wurin sauka kada ya tashi da ƙasa da jika 500, ban da kuɗin hanya.

Abu na biyu, kada arahar ɗaki ta ja ka Abobo ko Yopougon. Vridi can kudu yake, sai ka ƙetare ruwa. Mota biyu ko uku za ka hau da safe, haka da yamma, ga cunkoso a kan gada. Abin da ka rage a haya mota za ta cinye, ta haɗa da barcinka. Nemi Port-Bouët ko Koumassi.

Abdu_Sanyi:
Yaya Bako, Allah ya saka da alheri. Gaskiya jika 500 ba ni da su. Abin da na tara bai wuce 220 ba, sai babur ɗina in na sayar.

Bako_Adjame:
Kada ka sayar da babur tukuna. Shi ne abin da za ka tarar in abin bai yi ba.

Malam_Lissafi:
Abdu, abu ɗaya ya yi maka sauƙi: kuɗinmu ɗaya da Kodibuwa, sefa ce a can sefa ce a nan, ba ka da ciwon kan canji. Amma kuɗi ɗaya ba ya nufin tsada ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a can jika 75 ne tun Janairun 2023, namu jika 42 tun 2024. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka jika ɗaya a Abijan ba ta ɗaukar kayan da take ɗauka a kasuwar Maraɗi.

Tambayar da ban ji ka yi musu ba: 350 ɗin nan kafin a cire haraji ne ko abin da zai shigo hannunka? Akwai kuɗin fansho na CNPS, kashi 6.3 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci, akwai harajin albashi, akwai inshorar lafiya ta CMU, jika ɗaya a wata kan kowane mutum. Ka kuma tambaye su kuɗin mota, don a Abijan doka ta ɗora wa kamfani jika 30 a wata. Shin yana cikin 350 ɗin ko daban yake? Sai lokacin gwaji: wata nawa ne? A cikinsa suna iya sallamar ka ba tare da dogon bayani ba, kai kuma ka riga ka zuba kosiyon.

Wani abin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba, harajin mai iyali ya fi na gwauro sauƙi, amma sai da takarda. Ka tafi da takardar aure ta ofishin magajin gari da takardun haihuwar yaranka. Da yawanmu an ɗaura aure a masallaci an watse, ba a je an yi rajista ba. In kana cikinsu, ka gyara tun kana gida.

Abdu_Sanyi:
Malam, wallahi ban tambaya ba. Na ji 350 sai na ɗauka shi ke nan. Gobe zan kira su. Takardun yara akwai, ta aure ce babu.

Uwar_Biyu:
Duk maza ne ke ta lissafi, bari in faɗi na wadda ake bari a gida. Maigidana shekara huɗu yana Lome. Ranar da ya tafi tukunya ɗaya muke ɗorawa, tun daga ranar ta zama biyu: tasa a can, tamu a nan. Abin da mu biyar muke ci tare bai ragu da komai ba don mutum ɗaya ya tashi, shi kuma can sai ya sayi abincin titi sau uku a rana. Lokacin da yana nan, in gas ya ƙare shi zai ɗauka a babur ya sauyo, in yaro ya yi zazzaɓi shi zai kai shi likita. Yanzu kowanne sai na biya adaidaita ko na aiki ɗan wani in ba shi na goro. Ƙananan abubuwa ne, amma ƙarshen wata sai ka ga jika 15 ta bi iska.

Malam Abdu, ka zauna da matarka ku rubuta abin da gidan ke ci a wata, tun daga sabulu har kuɗin tara na makaranta. Ita ta san adadin, kai ba ka sani ba. Kuma ku yanke ranar aike. Ba yawan kuɗin ne ke kwantar da hankalin mace ba kamar ta san ranar 5 ga wata za su zo.

Alhaji_Jidda:
Salamu alaikum. Ni direba ne a Jidda, da iƙama ta halal, shekara shida. Abin da Bako ya faɗa a kan haya shi ya sa nake cewa aikin da aka ba ka wurin kwana ya fi aikin da aka ƙara maka kuɗi aka ce ka nemi ɗaki. Albashina a takarda ba shi da girma, amma kamfani ya ba mu ɗaki, mu huɗu, motarsu ke kai mu ta maido mu. Ci kawai nake saya, muna haɗa kuɗi mu dafa shinkafa. Riyal kuma a ɗaure take da dalar Amurka, 3.75, ba ta rawa. Saboda haka abin da na ce zan aika, shi nake aikawa.

Sai dai iyali ba su kawuwa. Tun 2020 kowane mutum da ke ƙarƙashinka, mata ko ɗa, riyal 400 za ka biya a wata, kusan jika 60 ke nan kan mutum ɗaya. A shekarar ce kuma harajin saye ya koma kashi 15 cikin ɗari. Mai mata da yara biyu ya lissafa ya gani. Shi ya sa duk muka zama gwauraye a nan, sai hutu bayan shekara biyu.

Ga masu sha'awar nan ɗin: a dokar Saudiyya mai ɗaukar ka aiki shi ke biyan kuɗin iƙama da na kawo ka. Ka ga kwantiraginka a manhajar Qiwa kafin ka yarda da maganar baki. Duk wanda ya ce ka ba shi miliyan biyu ya samo maka biza ka je ka nemi aiki da kanka, ka sani kafili za ka riƙa biya duk wata, ga sabunta iƙama a wuyanka.

Maman_Hadiza:
Alhaji, Allah ya biya ka. Abin da ya sami ƙanena ke nan. An sayar da gonar gado a wajen Madarunfa aka ba wani mai haɗa tafiya, ya ce aikin otal ne. Ashe bizar umara ce. Da ta ƙare ya koma takari, yana ɓuya yana wankin mota, wata tara aka kama shi aka maido shi da kayan jikinsa. Gona ta tafi. Har yau mahaifiyarmu in an yi maganar sai ta yi shiru ta tashi daga wurin.

Ɗan_Dakoro:
Allah ya mayar da alheri. Ni birkila ne, na yi Sabha na yi Tarabulus, daga baya na yi Tamanrasset. A waɗannan ƙasashen, Libiya da Aljeriya, burodi da mai ba su da tsada, kwana kuma cikin ginin da kake yi ne, ba haya. Mutum zai ce ai nan ne wurin tara kuɗi. Tsadar tana wani wuri. Dinari ba ya fita ta banki, sai ta hannun ƴan canji, su yanke nasu. Kuɗin da ka tara a jikinka yake ko a ƙarƙashin katifa. A Aljeriya aka kwashe mu da asuba, ina bin wanda nake yi wa gini kuɗin wata uku, aka zube mu a bakin iyaka, muka taka wajen kilomita 15 zuwa Assamaka. Wata ukun nan har gobe. To a wane layi za a rubuta wannan cikin lissafin tsadar rayuwa?

Nura_Kabukabu:
Amma duk da haka kullum motoci cike suke tafiya Agadas. In da a gida akwai, wa zai je?

Shugaban_Zaure:
Jama'a, duk maganganun nan masu amfani ne, amma Abdu Abijan ya tambaya, kuma aiki ne da kwantiragi, ba ci-rani ba. Mu dawo kansa. Wa ya bi hanyar kwanan nan?

Sale_Direba:
Ni na bi. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023 tafiyar kurmi ta canza. Masu bin Benin sai su sauka a Gaya su ƙetare kogi da kwalekwale, su sake hawa wata motar a wancan gefen, kowane hawa da kuɗinsa, kaya ma da nasu. Ta Burkina kuwa kowa ya san halin tsaro. Daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai sama da kilomita 600 ne, yini guda. Ka ware kuɗin shingaye daban, canji ƙanana, kada ka fito da damin kuɗi a gaban kowa. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, ka yi na gaskiya a asibiti, don shi ake fara tambaya. In kamfanin da gaske suke, ka roƙe su tikitin jirgi daga Yamai, ko da za su riƙa cirewa a albashi.

Malam_Lissafi:
Ƙari a kan maganar Sale. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina. Ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu da barin mutane su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Wato abin da a da yake haƙƙi a ƙarƙashin ƙungiyar, yanzu sassauci ne da ake iya dubawa. Saboda haka ka tafi da fasfo mai sauran kwana da yawa, kuma ka sa kamfani su rubuta cewa duk takardar zama ko ta aiki da aka nema daga baƙo, su za su ɗauki nauyinta.

Bakatsine_Jibiya:
Ku yi haƙuri ƴan uwa, ni daga wannan gefen nake. Jika nawa ce? Na ga kuna ta 350, 140, na kasa kamawa.

Ɗan_Issa:
Jika ɗaya sefa 1000 ce, Malam. Jika 350 sefa dubu 350.

Tun da ka shigo, bari in faɗi nawa. Ni Kano na yi aiki, shekara biyar a wani kamfanin robobi. Da na fara, in na canza albashina a bakin iyaka yana riƙe gida har da saura. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, sai ga albashina a takarda ya ƙaru amma in na canza zuwa sefa bai kai rabin na da ba. Haya kuma a can ta shekara ake biya dunƙule. Ban yi asarar aiki ba, ban yi rashin lafiya ba, kuɗin ne kawai ya narke a hannuna. Na tattaro na dawo. Don haka abin da Malam_Lissafi ya ce na kuɗi ɗaya, Abdu kada ka raina shi. Babban abu ne.

Bakatsine_Jibiya:
Na gode. Wannan gaskiya ne, mu ma nan yanzu masu sefa ke cika kasuwar Jibiya.

Issa_SaintDenis:
Gaisuwa daga Faransa. Na san ba nan Abdu zai zo ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Yuro ɗaya sefa 655.957 ce, ba ta motsi. Mafi ƙarancin albashi a nan, bayan an cire na cirewa, ya ɗan haura yuro 1,400, wato sama da jika 900. In ka faɗi haka a majalisa a Maraɗi za a ce ka haye. Ɗakin da nake ciki yuro 650 ne. Katin shiga jirgin ƙasa da bas na Paris yuro 88.80 a wata a 2025, kamfani na biyan rabi. Kafin ma a ba ka ɗaki sai ka nuna albashinka ya ninka haya sau uku, ka kawo mai tsaya maka. Shekarata ta farko a kan kujerar falon wani ɗan Tawa na kwana. Rigar sanyi da takalmi kaɗai sun ci mini abin da zai ciyar da gidanmu wata guda.

Kuskuren da na yi, na faɗi albashina a gida. Tun daga ranar ba a sake kallona a matsayin mai haya ba, sai mai jika 900. Abdu, matarka da mahaifinka kaɗai su san adadin.

Baba_Tibiri:
Abdu ɗana, ni na yi biɗa Kumasi da Abijan tun ba a haife ka ba. Mi kake samu a Maraɗi wanda ba ka biya? Shi nike so ka lissafa. Ɗaki na ubanka. Hatsi in an yi girbi ana aiko muku daga gona. Mai shago na unguwa shina ba ka bashi har ƙarshen wata don ya san gidanku. In matarka ta haihu, mata sun cika gida. In ka kwanta ciwo akwai mai kai ka likita, akwai mai dama maka kunu. Wanga duka kuɗi ne, ba ka ganin su don ba su bi ta aljihunka. Can kuwa ko ruwan alwala sai ka saya. Jika 140 ɗinka ta nan, in ka ɗora mata waɗannan, ta kusa 250. Ga aikin yamma da kake yi, wanda can ba ka da shi don ba wanda ya san ka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Habibu_UDDM:
Baba, da girmamawa, ban yarda da duka ba. Lissafin nan na wata-wata ne kawai ake yi, ba wanda ya yi na shekara biyar. A Maraɗi firij ɗin gida da na masu ƙanƙara Yaya Abdu zai yi ta gyarawa har ya tsufa. A Vridi manyan ɗakunan sanyi ne na masana'anta, injinan da babu irinsu a nan. In ya yi shekara uku ya dawo da wannan hannun, mahauta da masu madara da masu ajiyar magani nemansa za su yi, shi zai faɗi farashi. Ko da bai tara ko dala ba a shekarar farko, ai ya koyo abin da ba a sayarwa a kasuwa. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Alhazan garin nan da ake ji da su, wanne ne bai yi kurmi ba?

Baba_Tibiri:
Gaskiyarka ɗana, ban ce kada ya tafi ba. Na ce ya san abin da ya bari. Waɗanda suka tafi suka dawo da arziki kowa ya san sunansu. Waɗanda kunya ta hana su dawowa, mu da muka zauna can mu muka san su, wasu mu muka yi musu sutura.

Bako_Adjame:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Bari in ƙara abin da na manta, ci da lafiya. Garba, wato acceke (dambun rogo) da soyayyen kifi, wanda mutanenmu na Nijar suka yi suna da sayar da shi har abincin ya ɗauki sunan, shi ne abincin talaka. Da jika ɗaya za ka ƙoshi. Amma ba za ka ci shi safe da rana da dare ba, cikinka na tuwo da fura ne. Gero a nan kayan marmari ne. In kana cin titi sau uku, ka sa jika 75 zuwa 90 a wata. In kun haɗu ku uku kuna dafawa, ya sauko sosai.

Damina kuma ba irin tamu ba ce. Daga Mayu zuwa Yuli ruwa kamar da bakin ƙwarya, Koumassi na cika da ruwa, ka duba alamar ruwa a jikin bango kafin ka biya ɗaki. Shekarata ta farko na rataye babbar rigata ta Sallah a ƙusa, bayan wata biyu na sauko da ita duk ta yi funfuna, takalmin fata ma haka. Sauro ba ya hutu. Zazzaɓi sau uku na yi a wata shida, kowanne da kuɗin magani da kwanakin da ban fita ba. Ka ware wani abu don wannan.

Maganar Issa kuma haka take. Waya ba ta daina ƙara: suna, biki, ragon layya, kuɗin taki in damina ta kama. Ba ka iya cewa babu, don an san kana Abijan. Ni abin da na yi, na shiga adashi da ƴan garinmu, ranar albashi nake zubawa, sai ya zama in an kira na ce babu, gaskiya na faɗa.

Uwar_Biyu:
Yaya Bako, wannan na adashi maigidana ma shi ya cece shi. Da shi muka sayi fili.

Abdu_Sanyi:
Jama'a na kira su yau. 350 ɗin kafin cirewa ne. Mai kula da ma'aikata ta ce abin da zai shigo hannuna wajen jika 300 ne in na kawo takardun iyali, kuɗin mota jika 30 daban. Gwaji wata biyu. Tikitin jirgi sun ce babu, amma za su mayar mini da kuɗin hanya in na kawo rasit. Abokina ya ce in sauka ɗakinsa a Port-Bouët har in gama gwaji, mu raba haya.

Na zauna na yi lissafi kamar yadda kuka ce. Haya da wuta da ruwa 45 in mun raba, ci 80, mota 30, waya da sabulu da sauran tarkace 25, magani 10. Ya kama 190. Daga 330 saura 140. Gida kuma, da muka rubuta da maman yara, suna buƙatar 90 in ba na nan. Saura 50. A nan Maraɗi, in zafi ya yi, da aikin yamma ina iya ajiye 30.

Nura_Kabukabu:
Kai! Duk wannan tafiyar don bambancin jika 20?

Habibu_UDDM:
Na farkon shiga ne, Nura. Ba a nan zai tsaya ba. Can ma akwai aikin Asabar da Lahadi, garin da kowane ofis da na'urar sanyi.

Malam_Lissafi:
Lissafin ya yi kyau, amma ka bar abu biyu: kuɗin zuwa gida ko da sau ɗaya a shekara, da kosiyon ɗin da za ka biya ranar da ka bar ɗakin abokinka. Raba su gida 12 ka cire daga 50 ɗin. Sannan ka tambayi inda kake aiki yanzu ko za su ba ka hutun wata uku ba albashi, maimakon ka ajiye aikin gaba ɗaya.

Alhaji_Jidda:
Ka sake neman su da maganar gida. Kamfanin da ke son hannunka zai iya ƙara kuɗin haya. Ba a rasa komai da tambaya.

Uwar_Biyu:
Malam Abdu, ita maman yaran me ta ce? Ba lissafin ba, ita kanta.

Abdu_Sanyi:
Ta ce in na ga alheri ne in je, amma kada ya wuce shekara biyu ba mu haɗu wuri ɗaya ba, ko can ko nan. Baba kuma ya ce in bari ya yi istihara, mu yi magana ranar Juma'a bayan an sauko. Gobe dai zan je ofishin magajin gari batun takardar aure, ko na tafi ko ban tafi ba. Yaya Bako, ɗaki da falo a Port-Bouët wanda mutum zai iya sa iyali, nawa ake samu yanzu?

Bako_Adjame:
Ban san na wannan watan ba, rabona da can tun azumi. Akwai wani ɗan Gidan Rumji da ke sayar da nama a wajen, zan tambaye shi in dawo maka da magana. Ka turo mini sunan unguwar da abokin naka yake ta akwatin sirri.